YANKE FARCEN KARE: KAUCE WA ZUBAR JINI DA WANKE SHI IDAN YA ZUBA

Gabatarwa

A garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, da ƙananan hukumomin da ke kewaye da shi irin su Doma, Obi, Keana da Awe, manoma da dama na kiwon kare domin gadin gida da gonakin doya da wuraren ajiya, wasu kuma domin farauta. Karen da ke yawo a kan ƙasa mai tauri faratansa kan cinye da kansu, ba ya bukatar yanka. Amma wanda ke wuni a ɗaure ko cikin keji, da wanda ya tsufa, faratansa kan yi zaƙo-zaƙo, musamman da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da ƙasa ke da laushi. Irin wannan farce yakan karkatar da yatsa, ko ya karye, ko ya lanƙwashe ya shige cikin nama. Karen da ke ɗingishi kuwa ba ya gadi, ba ya farauta.

Yadda farcen yake

Farcen kare ba ƙashi ba ne zalla. A cikinsa akwai tsoka mai rai, wadda ke ɗauke da jijiyar jini da ta jin zafi. A farin farce za ka hango ta ja-ja, ba ta kai tsini ba. A baƙin farce, wanda karnukanmu da yawa ke da shi, ba a ganin ta ko kaɗan, kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna.

Ka sani cewa tsokar tana ƙara tsawo tare da farcen. Saboda haka farcen da aka daɗe ba a taɓa ba, ba a gajarta shi rana ɗaya. Idan kana rage kaɗan duk bayan mako biyu, tsokar za ta riƙa ja da baya da kanta. Bayan ya daidaita, sau ɗaya a wata ya wadatar.

Kayan aiki

Ka tanadi almakashin yanke farcen dabba mai kaifi, da magagari, da tsumma mai tsabta, da sitaci ko garin masara mai laushi ko dakakken alif, da igiya ko ƙyallen da za a sa wa karen takunkumi. Kada ka yi amfani da reza ko wuƙa, domin suna zamewa. Almakashi mai dakushi kuma murƙushe farce yake yi, ya tsaga shi.

Yadda ake yankewa

1. Ka yi aikin da rana, a tsakar gida, a kan siminti, nesa da ƙofar ɗaki.
2. Ka sa wa karen takunkumi, wani babban da ya saba da shi ya riƙe shi. Kada ka sa yara.
3. Ka riƙe yatsa ɗaya, ka yanke tsinin kawai, abin da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba a kowane yanka.
4. A farin farce, ka tsaya kamar milimita 2 kafin jan wurin. A baƙi kuwa ka duba fuskar yankan kowane lokaci. Muddin tana fari-fari, busasshiya kamar alli, kana iya ƙarawa. Da zarar ka ga ɗigon baƙi mai danshi a tsakiya, ka dakata.
5. Kada ka manta da ƙaramin farcen da ke can sama ta cikin ƙafar gaba. Ba ya taɓa ƙasa, don haka shi ya fi shigewa cikin nama.
6. Ka goge bakin farcen da magagari.

Idan jini ya fito

Kada ka firgita, kuma kada ka saki karen. Jinin farce yakan yi kamar mai yawa, amma a kare mai lafiya ba shi da haɗari. Ka debi sitaci ko alif ka danna a bakin farcen, ka matse da tsumma tsawon minti 3 zuwa 5 ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. Idan babu waɗannan, ka dangwara farcen a jikin busasshen sabulu har ya toshe bakin. Bayan jinin ya tsaya, ka ɗaure karen a busasshen wuri, kada ya shiga taɓo ranar nan.

Lura: kada ka sa ƙasa, toka, kashin shanu ko baƙin mai, domin suna shigar da ƙwayoyin cuta. Kada kuma ka ba kare maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen, domin yana lalata masa ciki da ƙoda.

Idan minti 20 ya wuce jinin bai tsaya ba, ka garzaya wurin likitan dabbobi. Wannan na iya nuna cewa karen ya ci gubar ɓera mai tsinka jini, ko yana da cutar da kaska ke yaɗawa mai hana jini daskarewa. Haka nan idan yatsar ta kumbura ko ta fara ruwa bayan kwana biyu.

Idan karen ya cije ka

Ciwon haukan kare ta yawu yake yaɗuwa, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da ƙyar ake tsira. Ka wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai gudu tsawon minti 15, sannan ka je asibiti a ranar. Ka tabbata an yi wa karenka rigakafi tun yana wata 3, a kuma sabunta kowace shekara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura. Kada ka yanke farcen karen da ba ka san tarihin rigakafinsa ba.

Wanke jini daga darduma ko kafet

Karen da ya ji zafi ya kuɓuce yakan ruga zaure ko ɗaki, ya bar sawun jini a kan shimfiɗa. Babbar ƙa'ida ita ce ruwan sanyi. Ruwan zafi yana dafa jini kamar yadda yake dafa ƙwai, sai ya kama zaren ya ƙi fita.

1. Ka sa safar hannu ko leda, ka danna busasshen farin tsumma a wurin ya tsotse jinin. Kada ka cuɗa, domin cuɗawa tura shi ciki take yi.
2. Ka narkar da ƙaramin cokali ɗaya na garin sabulu a kofi biyu na ruwan sanyi. Ka riƙa dannawa da jiƙaƙƙen tsumma daga gefen tabon zuwa tsakiya, kana sauya wuri mai tsabta.
3. Idan jinin ya bushe, ka kankare shi da bayan cokali, ka jiƙa shi da ruwan sanyi da ɗan gishiri na minti 10, sannan ka wanke.
4. Idan tabo ya rage, ka ɗiga haidurojin ɗin wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Ka fara gwada shi a ɓoyayyen lungu, domin yana koɗar da launi.
5. Ka ɗauraye da zallan ruwa, ka shanya a inda iska ke kaɗawa. Da damina, kafet ɗin da bai bushe sosai ba yakan yi fumfuna da wari.

Bilic ya dace da siminti da ledar ɗaki, amma yana ɓata darduma mai launi da ta ulu, kuma ba a gauraya shi da wani sinadari. Tabarmar roba ko ta kaba, a fitar da ita waje a wanke da ruwa mai yawa. Idan shimfiɗar ta sallah ce, sai a ci gaba da ɗauraya har ruwan ya fito garau.

Kammalawa

Malamin gona, ka nuna wa manoma wannan aiki a aikace, kan kare mai farin farce da farko, domin su ga tsokar da idonsu. Wannan ƙa'ida ta rage kaɗan-kaɗan ita ce dai ake bi wajen fere kofaton awaki da tumaki kafin damina ta kankama. Wanda bai amince da hannunsa ba, ya kai dabbarsa asibitin dabbobi mafi kusa. Rigakafi ya fi magani.