Masu Haƙoran Roba, a Kula da Santsinsu

Yanzu har da na'ura ake buga haƙoran roba, shimfiɗa kan shimfiɗa. Idan ba a goge su sun yi sumul ba, sukan fito da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Nan ƙwayar cutar Candida ke maƙalewa ta hayayyafa, dasashi da ganɗa su yi ja, baki ya soma wari.

Iyayenmu na birnin Katsina, don Allah a daina dirje su da gawayi, toka ko asuwaki, ƙara ramukan ake yi. Buroshi mai laushi da sabulu sun wadatar. Ruwan zafi kuwa lanƙwasa su yake. A cire su kafin barci, musamman masu ciwon sukari. In jan ya ƙi bajewa, a je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba.