Amsar Tambaya: 'Yan Wasana Sun Fi Ni Sanin Duniyar

Tambaya: Ni ke jan ragamar wasan Dungeons & Dragons a duniyar Forgotten Realms, amma abokaina sun fi ni sanin tarihinta, kullum cikin yi min gyara suke.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Tun 1987 ake ta buga littattafai kan wannan duniya ta Ed Greenwood, wa ya haddace su? Rabu da birnin Waterdeep tukuna, sun san lungunansa. Kai su ƙaramin gari irin Phandalin, ka laƙanci mai masauki, mai kanti, da 'yan daban Redbrands masu addabar jama'a. Tun kafin a zauna, gaya musu abin da ke littafi jita-jitar matafiya ce. Sarkin gyara a cikinsu kuwa, ba shi matsayin masanin tarihi cikin wasan, ka riƙa tura masa tambayoyin sauran.