DARASI: KALMAR "CROWN", ASALINTA DA MA'ANONINTA

Da yawa daga cikinmu muna karanta Littafi Mai Tsarki da Turanci da Hausa. Inda Turanci ya ce crown, Hausa takan ce kambi ko rawani. Idan an ambaci kalmar, abin da ke faɗo mana a rai shi ne hular zinariya a kan sarkin Ingila, irin wadda aka ɗora wa Sarki Charles na Uku ranar 6 ga Mayu, 2023. Amma in muka bi sawun kalmar, za mu tarar ba daga zinariya ta faro ba. Sanin wannan zai taimake mu fahimtar Nassi.

Tushen kalmar

Turawan Ingila aro suka yi. Bayan da mutanen Nomandi na ƙasar Faransa suka ci Ingila da yaƙi a shekara ta 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmomi masu yawa kuwa suka shiga Turanci ta wannan ƙofa. Ɗaya daga cikinsu ita ce corone, wadda bakin mutane ya gajarta har ta zama crown. Faransanci ma gadonta ya yi daga corona ta harshen Latin. Latin kuma ya samo ta daga korone ta Helenanci, wato hankaka, ko kuma abu mai lanƙwasa kamar bakin baka.

A wurin Romawa na dā, corona ganye ne ko furanni da aka saƙa, aka zagaye kai da su. Sojan da ya ceci ran ɗan ƙasa a fagen fama, ana ba shi na ganyen itacen oak, kuma in ya shigo filin wasa har dattawan majalisa sukan miƙe masa. Wanda ya fi kowane daraja na ciyawa ne. Rundunar da abokan gaba suka yi wa ƙawanya ita ke saƙa shi da ciyawar wurin, ta ba jarumin da ya kuɓutar da ita. Ashe tun fil azal kambi ladan hidima ne.

Rassan da ta yi

Na farko, mulki. A Ingila kalmar tana nufin ikon gwamnati kansa. Saboda haka aka kira Legas Crown Colony bayan Turawa sun karɓe ta a 1861. Jami'in da ke binciken dalilin mutuwa, wato coroner, sunansa daga nan yake, gama an kafa muƙamin a 1194 domin ya kula da haƙƙin sarki.

Na biyu, kuɗi. A 1526 Sarki Henry na Takwas ya buga tsabar zinariya mai wannan suna, darajarta sule biyar. Kuɗin Danmak da na Norwe sunansu krone, na Suwidin krona, duk ma'anarsu kambi.

Na uku, siffa. Tsakar kan mutum, da saman itace, da ɓangaren haƙori da ke bisa dasashi, duk crown ne. Likitoci suna kiran jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini coronary, domin sun kewaye ta kamar kambi. Zoben hasken da ake gani lokacin da wata ya rufe rana shi ne corona. Daga gare shi masana suka raɗa wa ƙwayar cutar korona suna a 1968, irin wadda ta sa aka rufe majami'u a 2020. Har motar Toyota Corolla da muke shiga kullum, ma'anar sunanta da Latin ƙaramin kambi.

A cikin Nassi

An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, yana kuwa da kalmomi biyu. Diadema ƙyalle ne da sarakunan Farisa da Iskandari Mai Girma suke ɗaurawa a goshi, alamar sarauta. Wannan ya fi kusa da rawanin da ake naɗa wa sarakunanmu. Stefanos kuwa kambin ganye ne na wanda ya ci tsere ko kokawa. Sa'ad da Waliyyi Jerom ya yi aikin Littafi Mai Tsarki na Latin a ƙarshen ƙarni na 4, corona ce ta tsaya a madadin stefanos, daga baya Turanci ya ce crown.

A 1 Korantiyawa 9:25 Manzo Bulus yana maganar stefanos. Mutanen Koranti sun san wasannin da ake yi kusa da birninsu, sun kuma san ladan ganye ne da ke bushewa cikin 'yan kwanaki. Ya tuna musu cewa idan ɗan tsere yana horon jikinsa saboda abin da zai yanƙwane, balle mu da muke begen wanda ba ya lalacewa. Wannan kalma ce kuma Matiyu 27:29 ya yi amfani da ita ga kambin ƙaya. Sojoji ba'a suke yi, amma ba da saninsu ba suka ɗora alamar nasara a kan wanda ya zo ceton rayuka. Shahidi na farko a cikin Ikilisiya, Waliyyi Istifanus, sunansa ma ke nan, Stefanos.

Abin koyi

A watan Nuwamba na 1964, lokacin Majalisar Batikan ta Biyu, Paparoma Bulus na Shida ya ajiye kambinsa mai hawa uku a kan bagade domin matalauta. Tun daga gare shi ba a sake ɗora wa wani Paparoma kambi ba. Wannan wa'azi ne ba da baki ba.

Mu fa? Idan lokacin zaɓen kwamitin majami'a ko na zumuntar mata ko na matasa ya zo, sau nawa neman kujera ke raba 'yan'uwa, har wasu su daina gaisawa a ƙofar coci? Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Wanda aka ba muƙami, an ba shi ne domin ya ɗauki kayan jama'a, ko shi Fada ne, ko katekis, ko mai gida a cikin iyalinsa.

A wannan mako, mu karanta Yakubu 1:12 da 1 Bitrus 5:1-4 tare da iyalanmu. Sa'ad da muke Rosari, mu dakata a kan asiri na uku na baƙin ciki da na biyar na ɗaukaka, mu lura cewa ƙaya ce ta riga ɗaukaka zuwa. Sa'an nan kowa ya tambayi kansa: wane ne ya sami sauƙi saboda matsayin da nake riƙe da shi?

Allah ya ba mu alherin jimrewa har ƙarshe. Amin.