Karatun Gamayyar Fannoni a Jami'a: Me Ɗalibin Harshe Zai Tsinta?

A wannan maƙala ina so mu duba wani tsarin karatu da ya fi ƙarfi a jami'o'in Amurka, inda ɗalibi kan haɗa fannoni biyu ko uku ya yi digiri ɗaya a kansu, misali tarihi da falsafa da harshe.

Asalinsa daga Turai ne. Sunansa da Latin yana nufin ilimin da ya dace da ɗa, wato wanda ba bawa ba. Fannoni bakwai ne: nahawu da manɗiƙi da balaga a matakin farko, sannan lissafi da ilimin siffofi da kiɗa da ilimin taurari. Lura da cewa ukun farko duk suna da suna a Hausa, domin sun shigo ta hanyar Larabci, kuma malaman zaure sun daɗe suna karantar da su.

A Amurka digirin shekara 4 ne, kuma galibi ɗalibi ba ya zaɓar babban fanninsa sai wajen ƙarshen shekara ta biyu. Jami'ar Brown ta wuce haka, domin tun 1969 ta bar ɗalibi ya tsara kwasa-kwasansa da kansa tare da malami mai ba shi shawara. A Ingila ma, Oxford ta fara digirin da ya haɗa falsafa da siyasa da tattalin arziki a 1920. Mu kuwa a nan tun daga fom ɗin JAMB ake ɗaure mutum da fanni guda. Ɗan abin da muke samu shi ne darussan GST, waɗanda Jami'ar Nsukka ta fara da su a farkon shekarun 1960, kuma mu faɗi gaskiya, yawancinmu haddace su muke yi daren jarrabawa.

Ni ba Bahaushe ba ne. A Sabo na Ibadan na fara tsintar Hausa, a bakin masu sayar da goro, kafin in zo in karance ta a aji. Da na fara tattara bayanai don kundin kammala digirina a kan kalmomin cinikin goro, sai wani dattijo ya ce mini, "Yaro, in ba maigida, ba ciniki." Na rubuta cewa maigida shi ne mai ba baƙo hayar ɗaki, na kai wa malamina. Ya karanta, ya yi murmushi, ya tura ni ɗakin karatu in nemo littafin Abner Cohen na 1969 a kan wannan unguwa. Cohen ba masanin harshe ba ne, fanninsa nazarin al'umma. Amma a wurinsa na gane cewa maigida shi ne mai saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya kuma tsaya musu idan an ba da kaya bashi. Kalmar na san ta, tsarin kasuwancin da ta rataya a kansa ne ban sani ba. Da ba a gyara mini ba, da babi guda ya tafi a banza.

Sai dai tsarin yana da nasa aibin. Mai taɓa nan ya taɓa can yana iya fita ba tare da ya ƙware a komai ba, kuma ranar neman aiki za a tambaye shi me ya karanta. Harshe kuwa ba ya son gaggawa. Shekara uku ke nan ina fama da karin sauti da tsawon wasali, har yanzu nakan tsaya in yi tunani kafin in bambanta "gari" na mutane da "gari" na tuwo. Wanda ya ba Hausa kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa, ban ga yadda zai tsallake wannan ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne mutum ya riƙe Hausa a matsayin gindi, ya yi amfani da kwasa-kwasan zaɓi da hankali. Mai sha'awar ajami ya nemi Larabci. Mai son waƙar baka ya leƙa sashen tarihi, domin kirarin sarakuna cike yake da sunayen yaƙe-yaƙe da garuruwa. Mai harin aikin rediyo ko fassara ya ɗauki kwas a aikin jarida. Kafin ka yi rajista, duba jadawalin lacca na sassan biyu, domin ni kwas ɗin tarihin da na zaɓa ya ci karo da na tsarin sauti ranar Talata, dole na ajiye shi sai zangon gaba.