Kwaɗayin farar ƙasa: a auna jini kafin a yi faɗa

Duk wadda ta taɓa zama a layin awo ta san zancen. Wata za ta kwance bakin zani ta ciro 'yar farar ƙasa ta jefa a baki, ta ce in ba ta tauna ba miyau ya dinga tsinkewa ke nan. Wata ƙasar gara take nema, wata jikin bangon ɗaki take ɓantara, wata kuwa da an yi yayyafin farko ƙamshin ƙasa ya tashi, hankalinta ya tafi. Ba mu kaɗai ba ne: Ibo na ce wa farar ƙasa nzu, a Gana ayilo, a Kamaru kalaba. Mukan ce kwaɗayin ciki ne, in an haihu zai wuce. Sau da yawa kuwa jini ne ya yi ƙasa, jiki yake kai ƙara ta hanyar da ba a zata ba.

Likitoci sun daɗe da lura cewa mai cin ƙasa, ko alli, ko gawayi, ko mai yawan tauna ƙanƙara, galibi tana da ƙarancin sinadarin ayon, wanda da shi jiki ke haɗa jini. Abin takaicin shi ne ƙasar ba ta biyan wannan bukata. Yumɓu yana da danƙo irin nasa. In ya shiga hanji sai ya riƙe ayon ɗin da ke cikin abinci, har da na ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ki a asibiti, ya fice da su. Ga shi yana cika ciki, tuwo ya kasa samun wuri. Jini ya ƙara raguwa, kwaɗayi ya ƙaru, a ƙara ci.

Saboda haka, 'yar'uwa, matakin farko shi ne ki faɗa wa ma'aikaciyar awo gaskiya: me kike ci, sau nawa a rana, tun yaushe. Ba abin kunya ba ne, ta ji irinsa ya fi a ƙirga. Ki nemi a auna miki jini, awon PCV ko na himoglobin. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai cikin da himoglobin ɗinta bai kai 11 ba (ko 10.5 a wata ukun tsakiya) tana da ƙarancin jini, kuma hukumar ta ce kowace mai ciki ta riƙa shan ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid kullum. Da ruwa za ki sha, kada ki kora da shayi ko madara, domin suna hana shi shiga jiki. A bar tazarar awa biyu. In bayan gida ya yi baƙi kada ki tsorata, aikin ƙwayar ne. Mata da yawa, da jinin ya fara hawa, cikin 'yan makonni sai su ga ƙasar ta fita daga ransu.

A kwanon abinci kuma a ƙara nama ko kifi gwargwadon aljihu, da wake, da zogale, da alayyahu, a biyo da lemo ko gwaiba. In tashin zuciya ko ƙwarnafi ne ke kai ki ga ƙasar, ki ci abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki gwada 'yar citta, kada kuma ki kwanta da zarar kin gama ci. Kada ki ajiye ƙasar a ɗaki. In abin ya motsa, gyaɗa ko aya ko gasasshen masara su ɗebe wa baki kewa.

Akwai masu cewa tasu gasasshiya ce, ba ta da datti. Gaskiya ne wuta na iya kashe ƙwan tsutsar ciki, irin su macijin ciki, da ke zama a ƙasar da aka yi bahaya kusa da ita. Amma wuta ba ta ƙona dalma. An gwada irin wannan ƙasa da ake kaiwa shagunan 'yan Afirka a Ingila da Amurka, aka sami dalma da gubar asenik a ciki, har hukumomin abinci na can suka gargaɗi masu ciki. Mu kuwa ba sai an ba mu labarin dalma ba. A 2010 ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalma na ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma ido ba ya bambance ƙasa mai ita da marar ita. Mai talla ma bai san ramin da aka haƙo ba.

Yaro mai rarrafe ya kai ƙasa baki, wannan ɗabi'a ce, shimfiɗa tabarma da wanke hannu sun isa. Wanda ya haura shekara biyu yana neman ƙasa da gangan, duka ba zai raba shi da ita ba, sai dai ya koyi ɓuya. A kai shi a duba jininsa, a ba shi maganin tsutsa, musamman in mai sikila ne. Ita mai ciki kada ta saya wa kanta maganin tsutsa a kemis. Bayan wata ukun farko ake bayarwa, kuma a asibiti.

Maigida da uwar miji, ku bar gori, ku ba da kuɗin mota. In kuka ga tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, tana haki daga ɗan tafiya, ko jiri na ɗibar ta, ko ciki ya kumbura ta kwana uku ba bayan gida ga amai, kada a jira ranar awo. A tafi asibiti a ranar, a ɗauki ragowar ƙasar a leda a nuna wa likita.