Gurnanin Lasifika: Kada a Karya Ƙafar Filogi

Duk mazaunin cikin birni, daga Yakasai har Mandawari, ya san wannan ƙarar. Ladan zai kunna na'ura don kiran asuba, tun bai buɗe baki ba sai gurnani ya cika lasifika. Sana'ata haɗa kayan sauti a masallatai, makarantun Islamiyya da wuraren walima, kuma gab da azumi yawancin kiran da nake samu a kan wannan ne. Sau da yawa kafin in iso 'yan kwamiti sun riga sun yanke cewa amfilifaya ce ta lalace, har an fara karo-karon sayen sabuwa a Sabon Gari, alhali lafiyarta ƙalau.

Wutar da ke shigo mana gida bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Wannan bugun kunne ke ji idan ya sami hanyar shiga layin sauti. Ga yadda yake shiga. Jikin mikisa da na amfilifaya ƙarfe ne, kowanne yana haɗe da wayar ƙasa ta ƙafa ta uku a filogi. Wayar sautin da ke tsakaninsu ita ma tana da raga a ciki wadda ta haɗa jikkunan biyu. Idan an jona mikisa a soket ɗin gefen liman, amfilifaya kuma a wani soket can bayan masallaci, hanyar ƙasa ta zama biyu. Ɗan bambancin da ke tsakaninsu, wanda bai isa kunna ko ƙwan tocila ba, zai tura wuta ta cikin ragar, amfilifaya kuma ta ɗauka murya ce ta ƙara mata ƙarfi.

Da sola ta yawaita, matsalar ta sake kama. Batir ɗaya mai bolt 12, siririyar waya guda, a jera amfilifaya, akwatin makirfo mara waya, na'urar sa karatu, fanka da ƙwayaye duk a kanta. Kamar kwata ɗaya ce da gidajen lungu suka haɗa: idan wani gida ya sako ruwa da yawa, sai ya tokare ya koma na maƙwabci. Amfilifaya tana jan wuta sosai, wayar dawowa ta yi mata kaɗan, sai wani kason ya bi ta wayar sauti.

Ina roƙon matasa masu kula da na'urar masallaci su koyi bincike kafin sayayya. A zare duk wayoyin da ke shiga amfilifaya, a bar ta da lasifika kawai, a kunna. In ta yi shiru, ba ita ba ce. Sai a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya ana saurare. Wadda gurnani ya dawo da ita, nan matsalar take. A kula da irin ƙarar ma. Gurnani mai kauri na wutar layi ne. Tsuwa mai kaifi kuwa galibi daga cajar waya ko ta kwamfuta take, ko ƙwayayen zamani, ko inbata mai araha. Cire cajar, a bar kwamfuta a kan batirinta, nan take za a gane.

Maganin ba shi da tsada. Kayan sauti duka su sha wuta daga soket ɗaya. In batir ne, kowace na'ura a ja mata wayarta mai kauri tun daga kan batirin, kada a yi musu jerin gwano, fanka da fitilu kuma a raba musu layi. Inda tazara ta yi yawa a sa waya mai ƙafa uku irin ta makirfo. In abin ya ƙi, akwai ɗan ƙaramin taransifoma da ake sakawa a layin sauti, yana barin murya ta wuce ya datse haɗin ragar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata dabara da ta bazu: karya ƙafa ta uku a filogi, ko yanke wayar nan mai kore da rawaya. Gurnani yakan ɗauke, gaskiya ne. Amma ita wannan wayar ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa ranar da wani abu ya ƙone a cikin na'ura. In babu ita, wutar tana nan kwance a jikin ƙarfe har kan makirfo. Wa zai riƙe shi? Ladan, wanda ya gama alwala yanzu, hannu a jiƙe, ƙafa ba takalmi, makirfo dab da leɓe. Na ga masallacin da aka naɗe makirfo da tsumma saboda yana jan malam, aka ci gaba da tafsiri a haka. Wannan jan gargaɗi ne, don Allah kada a raina shi.

Tsofaffin gine-ginenmu da dama waya biyu kawai aka ja musu tun asali, babu ta ƙasa sam. Irin waɗannan sai a kira ƙwararren mai wayarin ya kafa sandar tagulla, ya auna ta, musamman lokacin hunturu da ƙasa ke bushewa ta rage karɓar wuta. A ƙara da makatsar nan mai datse layi da zarar wuta ta fara zurara, janareta ma a haɗa jikinsa da sandar.