FILIN MANOMA: Ganyen Lambu Da Ciwon Hawan Jinin Ido

Duk wanda ya ci kasuwar Illela ran Lahadi ya san manoman wajen ba su san zaman rani ba. Daga fadamar Kalmalo har zuwa lambunan Ƙonni, a ƙetaren iyaka, sai albasa da tumatir da kabeji da latas. Amma sau da yawa manomi ya kan kai mai kyau kasuwa, gidansa kuwa a kwana da tuwo da miyar da ba ta ga ɗanyen ganye ba. Wannan hasara ce, har ga ido.

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira gilakoma, watau hawan jinin ido. Cikin ido akwai wani ruwa mai gudana kullum, yana fita ta wata 'yar magudana. In magudanar ta cushe sai ruwan ya taru, ya danne jijiyar da ke kai gani ga ƙwaƙwalwa, kamar yadda ruwa ke kwanta wa kunya ya ruɓar da saiwa. Yawanci ba ciwo ba ƙaiƙayi. Gani ya kan fara raguwa daga gefe, mutum ya riƙa tuntuɓe da garma ko ya kasa ganin akuya a gefensa. Abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Nan ya bambanta da yanar ido, wadda a ke cirewa mutum ya koma gani.

Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da ciwon. Cikinsu waɗanda suka san suna da shi ba su wuce 6 cikin 100 ba, ɗaya cikin 5 kuwa ya riga ya makance.

To, ina ruwan lambu da wannan? A 2016 masana na Jami'ar Harvard a Amurka suka bayyana abin da suka gani bayan sun bi mutum fiye da 100,000 shekara da shekaru. Waɗanda suka fi cin koren ganye, hatsarin kamuwarsu ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Ganye irin latas da alayyafo yana da wani sinadari, nitiret, wanda jiki ke juya shi ya buɗe hanyoyin jini, jijiyar ido ta sami abincinta. Sa'an nan a 2012 an gwada tsofaffin mata baƙar fata 584 a Amurka, aka tarar ciwon ya fi ƙaranci ga masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace.

Har wa yau, a 2020 likitoci a Melbon ta Ostiraliya sun ba masu ciwon bitamin B3, aka ga jijiyar idon waɗansu ta ƙara kuzari. Gyaɗa tana da wannan bitamin. Sai dai abin da suka bayar ya fi na abinci nesa ba kusa ba, yawansa kuwa yana taɓa hanta. Kada kowa ya saya ya sha sai likita ya ce.

Ga abin da ya kamata manomi ya yi:

1. Ya ware fangali biyu ko uku don gida. Alayyafo ya kan isa yanka cikin wajen sati 4. In aka shuka sabo duk bayan sati 2, ganye ba ya yankewa.

2. Ya dasa zogale a bakin shinge ko bayan ɗaki. In ya kai ƙugun mutum a datse kansa, ya yi rassa, hannu ya iya kai wa ga ganyen.

3. Rama da yakuwa da tafasa da kuka, a shanya su a inuwa. Rana tana ƙone bitamin A da ke cikinsu, rashinsa kuwa shi ke kawo dundumi.

4. Kada a dafa ganye har ya mutu. A yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, gama mai ne ke taimakon jiki ya ɗauki bitamin A. Karas da kabewa da mangwaro da gwanda su ma a bar wa gida rabonsa.

5. In an yi feshin maganin ƙwari, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a yanka, a kuma wanke sarai.

Mai ciwon kuma kada ya kwankwaɗi ruwa lita guda a tashi ɗaya in ya dawo daga gona, don yana ɗaga nauyin ido. Ya sha kaɗan-kaɗan.

Amma fa ganye taimako ne, ba ya maye gurbin magani. Wanda likita ya ba maganin ɗigawa ya ɗiga kullum, ko da ido ya yi garau, kada ya bari don yana cin zogale. Kada a zuba ruwan tsiro ko maganin 'yan talla a ido. Wanda ya kai shekara 40, balle in uwa ko uba ko ɗan'uwa ya makance ba a san dalili ba, ya tafi a auna idonsa. Akwai likitocin ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kuɗin mota daga Illela bai kai buhun albasa ba. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.